Digirin Yauƙi

Mutumin da ya fara yi mini sallama a ƙasar Sin shi ne ya fara cuta ta. Bahaushe ne kuwa, da hularsa da carbinsa, yana tsaye a ƙofar fita ta filin jirgi kamar an aiko shi ya tarye ni. Ya ga hijabina, ya ga yadda nake raba ido, ya matso ya ce, "Hajiya, daga gida?"

Wallahi sai da hawaye ya cika mini ido. Na ce daga Daura. Ya ce ikon Allah, ai kakarsa 'yar Baure ce. Ya ce in zauna in huta, shi zai sayo mini layin waya da tikitin jirgin ƙasa zuwa garin da jami'ata take, kada direbobin tasi su yi mini wayo. Na zuge jaka na ba shi abin da ya ce, har da godiya da sa albarka. Na zauna a kan akwatina tun hantsi har rana ta yi sanyi. Jikan Baure dai har yau bai dawo ba.

Wata mata mai goge ƙasa ce ta gaji da ganina ina share ido. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta jingine tsintsiyarta, ta kama hannun akwatina, ta kai ni har tagar sayar da tikiti, ta tsaya sai da ta ga takardar a hannuna sannan ta koma aikinta. Ko sunanta ban sani ba, amma tana cikin addu'ata.

Sunana Saratu, sai dai mahaifina, Baffa, bai taɓa kirana da shi ba, don sunan mahaifiyarsa ne. Uwata yake ce mini. Dillalin shanu ne, duk kasuwannin ƙasar Daura sun san muryarsa, kuma shi ya tsaya tsayin daka na yi karatu har na fara koyarwa, har aka ba ni gurbin yin digiri na uku a waje. Abin da na je karantowa ne ya zama abin dariya a gidanmu. Yayana, Yaya Lawal, da na yi masa bayani sai ya riƙe ciki ya ce, "Wato duk kuɓewar da ke Daura ba ta ishe ki ba, sai kin je Sin neman yauƙi? To Allah ya ba da sa'ar digirin yauƙi!"

Kuma bai yi ƙarya ba, yauƙin na je nema. Akwai ƙwayoyin bakteriya, ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda idan suka samu sukari ba sa cinye shi duka. Sukan ƙuƙƙulla shi ɗaya bayan ɗaya ya zama doguwar sarƙa, su fitar da ita waje su lulluɓe jikinsu don kada su bushe. Sarƙar nan tana narkewa a ruwa, kuma da ta narke sai ruwan ya yi kauri ya riƙa ja. Nawa ƙwayoyin daga ƙwaryar wata goggona na samo su, a rugarsu ta wajen Sandamu, wadda kindirmonta in ka ɗaga ludayi sai ka ga ya biyo shi da zare. Jami'ar gida ta busar da su ta aika wa ta can tun kafin in isa. Ni da su muka zama baƙi a gari ɗaya.

Garin yana arewa, sanyinsa kuwa ba irin wanda muka sani ba ne. Numfashi kake yi ka ji haƙoranka na ciwo. Malamina, Farfesa Liyu, dattijo ne siriri mara yawan magana, kullum da gorar ruwan zafi a hannu. Da guntun Turanci muke fahimtar juna, nawa ya fi nasa tsawo, nasa ya fi nawa kaifi. A ɗakin gwajinsa na koyi aikin. In ciyar da ƙwayoyin da ruwan sukari har ruwan ya yi nauyi, in tace su, sannan in zuba sifirit mai sanyi. Nan take sai ka ga farin zare yana fitowa daga cikin ruwan da ka rantse babu komai a cikinsa, yana taruwa kamar auduga. Ranar farko sai da na ce "Allahu Akbar" da ƙarfi, ɗalibai suka juyo. In kwashe zaren, in busar, in niƙa, ya zama farin gari mara wari mara ɗanɗano.

Daga nan sai awo. Na gano yana narkewa ko a ruwan sanyi. Gishiri ba ya dame shi, tsami ma haka. In an tafasa shi ya saki jiki, da ya huce sai ya koma yadda yake. In ka juya shi da sauri ya yi laushi ya bi cokali, in ka bari ya sake tsayawa. Duk na rubuta na kai wa Farfesa ina jin kaina. Ya karanta, ya kurɓi ruwan zafinsa, ya ce, "Yana da kyau. Amma kaurinsa bai kai na wanda masana'antu suke sayarwa ba. Wa zai amfana da naki?"

Na fito ina tsaki a zuci. Haushin da na ji ba na komai ba ne sai don tambayarsa tana kan hanya.

Abinci ma ya so ya kore ni. Wata guda shayi da burodi da dafaffen ƙwai ne suka riƙe ni, don tsoron abin da ban san yankansa ba. Rannan ina tafe a wani lungu sai na hango koren allo da rubutun Larabci. Shagon taliya ne na Musulmin ƙasar. Wata tsohuwa mai ɗankwali ta ɗago kai ta ce, "Assalamu alaikum." Iyakar abin da muka haɗa a harshe ke nan, amma ya ishe mu. Na sa mata suna Goggon Taliya. Kullum sai ta faki idon ɗanta ta ƙara mini yankan nama, ta dangwara mini kofin ruwan zafi ta tsaya a kaina sai na shanye. Ni da na tashi da ruwan randa, aka mayar da ni mai shan ruwan wanka.

Ina cikin shekarata ta biyu Yaya Lawal ya kira ni. Bai ce "Dakta Yauƙi" ba kamar yadda ya saba. Sunana ya kira. Baffa ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar shanu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An yi asibiti, Allah ya sa da sauran kwana, an sallamo shi. Amma magana ta yi masa nauyi, sai dai nuni, kuma haɗiya ta lalace. Abu mai kauri yana wucewa a hankali. Ruwa kuwa, don saurinsa, kafin maƙogwaro ya rufe hanyar iska ya riga ya gangara huhu. Kurɓa ɗaya sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Sau ɗaya ma ciwon huhu ya mayar da shi gado, likita ya ce wa Inna, mahaifiyata, in aka sake ba lallai ya tashi ba. A daina ba shi ruwa tsinkakke, a ba shi abu mai kauri.

Lokacin bazara ne a gida. Baffa mutum ne da in ya dawo daga kasuwa ko takalmi ba ya cirewa sai ya shanye moɗa guda a tsaye a gindin randa. Yanzu Inna ta ce yini yake yana kallon randar nan, yana nuna ta da hannun hagu. Har sai da suka ɗauke ta daga inda zai gan ta. Ni kuma ina nan ruwa ya kewaye ni, a kwalba, a tulu, a famfo, ina auna kaurinsa. Na tsani aikin, na tsani kaina.

Na sauko da akwati na fara zuba kaya, na kira Inna na ce gida zan taho.

Ta ce, "Ki zo ki yi mini me? Ki ƙara mini mai kuka? Mutumin nan shi ya toshe kunne da maganar dangi ya tura ki. In ya gan ki hannu biyu babu abin da kika je nema, ke za ki ƙarasa shi."

Na ce, "Inna, yauƙi fa nake aunawa. Yauƙi!"

Ta ce, "To auna. Ni nan kunu ne ya ishe ni. In dama masa da kaurinsa yadda likita ya ce, amma kin san yanzu cokali ɗaya sai ya daɗe a bakinsa. Cokali ya shiga baki ya koma kofi, ya shiga ya koma. Kafin a kai rabi kunun ya tsinke ya zama tsululu, sai tari ya tashi. In zubar in damo wani. Haka nake yini."

Na saki rigar da nake ninkewa, ta ce, "Kina jina?"

Wane ɗan Hausa ne bai sha faɗa ba a kan mayar da ludayin da ya lasa cikin kunun gida? Kowa ya san zai tsinke. Ni har dalilin na karanta tun a aji ɗaya na jami'a: a cikin yawu akwai wani sinadari da yake daddatse sarƙar sitaci kamar almakashi, kuma kaurin kunu sitaci ne. Amma almakashin nan ƙulli iri ɗaya ya sani. Ƙwayoyin goggona wani irin ƙulli suke yi daban. Na auna garina da gishiri, da tsami, da wuta, ban taɓa auna shi da yawu ba. Na ce wa Inna zan sake kira, na bar akwatin a buɗe na fita ko safa ban sa ba.

Ina da ragowar garin kunu da na zo da shi daga gida. Na dama shi a kofin gilashi a ɗakin gwaji, na kaɗa garina a wani kofin har kaurinsu ya zo ɗaya. Saura yawu. Ni da aka rene ni ko kaki ba a yi a gaban mutane, na juya baya na lulluɓe kai da hijabi ina tara yawu a 'yar kwalba. Ina ɗagowa sai ga Farfesa Liyu tsaye da gorarsa yana kallona. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Na yi masa bayani ina haɗa Turanci da hannu, har da kwaikwayon tarin Baffa. Ya jawo kujera. Na ɗiga yawun a kowane kofi muka zuba ido. Ba a jima ba kunun ya fara sakin jiki, na karkata kofin ya zubo kamar ruwan wanke ƙwarya. Na karkata nawa, yana nan yadda na kaɗa shi, yana gangarowa a hankali abinsa. Farfesa ya ɗauki sabuwar kwalba, ya juya baya shi ma, ya tofa nasa. Ya ce, "A sake. Kada ya zama yawunki ne rago." Aka sake, abin bai canja ba.

Na ce to, yau ɗin nan zan ƙulla garin nan in aika wa mahaifina.

Ya ce, "A'a."

Nan fa na manta da ladabin ɗaliba. Na ce ubana ne yake mutuwa da ƙishirwa, ba takardar bincike ba. Na faɗi maganganu, wasu da Hausa, gara da bai ji ba. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Ba a gwada naki a jikin kowa ba tukuna. Ba za ki fara da mahaifinki ba." Ya ƙara da cewa, "Mahaifiyata ma haka ta yi shekarunta na ƙarshe. Ɗauko rigar sanyinki."

Asibiti ya kai ni, wajen wata likita da aikinta ke nan, matsalar haɗiya. Ashe akwai irin garin a gwangwani, na wasu ƙwayoyin daban, an gwada an tabbatar, tsofaffin ƙasar da shi suke shan ruwa da shayi. Ni ina auna danginsa kullum ban san da shi ba, a gida kuwa ko labarinsa ba mu ji. Likitar ta nuna mini yadda ake kaɗawa, da irin zaman da mara lafiya zai yi, ta ce lallai likitan da ke duba shi ya gani ya amince kafin a ba shi. A hanyar dawowa Farfesa ya ce, "Wannan yana da tsada, kuma daga nesa zai riƙa zuwa muku. Kuna da rake, kuna da ƙwayoyinku. Kin tuna abin da na tambaye ki? To ga aikinki nan."

Saura aikawa. Kamfanin aika kaya suka ga farin gari za shi ƙetare suka ce sai an yi bincike na makonni. Ɗalibai 'yan gida suka ba ni lambar wani Alhaji Sani, ɗan Mashi, mai sarin kayan babur a Guanzu, can kudu, wai jibi zai tashi zuwa gida. Suka ce in tura masa gwangwanayen ta mota. Na ce ina! Na taɓa ba Bahaushe amana a ƙasar nan, ba zan kuma ba sai na ga ƙwayar idonsa.

Tikitin tsaye kawai na samu a jirgin ƙasa. Goggon Taliya ta ga fuskata, ta ƙulla mini gurasa da ƙwai ta tura mini a jaka. Tafiya ce ta yini guda cur da ɗoriya. Na tsaya a tsakanin taragu rungume da jakar kamar jaririya, ƙafafuna suka kumbura. Wani tsoho mai buhun gyaɗa ya dube ni ya dube ni, ya tashi daga 'yar kujerarsa ta ninkewa ya tura mini, shi ya hau buhunsa. Na ba shi ƙwai biyu, ya ba ni gyaɗa. Ta gida ta fi ta mai, amma ban faɗa masa ba.

Na sami Alhaji Sani a wani ɗaki cike da kwalaye, yana zufa yana ɗaure kaya. Ko gaisuwa ban gama ba na hau shi da tambaya: wace unguwa a Mashi, wa ya san shi, ina fasfonsa. Ya ajiye igiya ya yi dariya ya ce, "Malama, an taɓa ki ke nan."

Na ce an taɓa ni. Na ba shi labarin jikan Baure, na ba shi na Baffa. Dariyar ta ɗauke. Ya buɗe jakar da zai shiga jirgi da ita, ya fitar da wasu kayan sarinsa ya ajiye gefe, ya jera gwangwanayen da takardar likitar a tsakiyar tufafinsa. Ya ce, "Da hannuna zan kai. Ki koma makaranta."

Na koma. Ranar da ya kamata ya sauka na kira, waya a kashe. Washegari ma a kashe. Babu sunan da ban kira bawan Allahn nan da shi ba a raina. Na ce Saratu, ke dai ba kya jin magana, sau biyu! A rana ta uku ina cikin wanke kwalabe sai ga kiran bidiyo daga Yaya Lawal. Ya juya wayar, sai ga Alhaji Sani zaune a zaurenmu, hular kwano a gefensa. Ashe layinsa na Sin ne ya mutu da saukarsa. Kwana ɗaya ya yi a gidansa ya hau babur ya taho Daura, kuma shi da Yaya har sun kai wa likita gwangwanin ya duba ya ce a gwada a hankali. Alhaji Sani ya leƙo wayar ya ce, "Malama, mu jikokin Mashi ne." Kunya ta hana ni cewa komai sai Allah ya saka.

Yaya ya shiga cikin gida da ni a hannunsa. An jingina Baffa da filo a rumfa. Ya rame, leɓɓansa sun bushe sun tsattsage. Na danne kukana, don aiki ne a gabana. Aka dawo da randa inda take, Inna ta ɗebo ruwa a kofi.

Na ce, "Inna, barbaɗa shi za ki yi kamar kuka a miya, kina zubawa kina kaɗawa, kada ya yi gudaji."

Ta ce, "Ni za ki koya wa kaɗa miya?"

Ta kaɗa, muka ɗan jira ya kama jikinsa. Ta ɗaga cokali ta nuna mini, ruwan ya gangaro a hankali, garau da shi, kana hango gindin kofin. Na ce a gyara masa zama ya miƙe sosai, ya ɗan sunkuyar da haɓa. Inna ta yi bisimilla ta kai cokalin bakinsa.

Na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Gidan ya yi tsit, duk muna jiran tarin. Kaza ta wuce ta gabansa. Tari bai zo ba. Cokali na biyu, na uku, cokalin yana shiga baki yana komawa kofi, ruwan yana nan da kaurinsa. Wayar ta fara rawa, na gane Yaya Lawal ne yake kuka. Ya ce, "Dakta Yauƙi."

Baffa ya ture cokalin. Ya kama kofin da hannun hagu, Inna ta tallafa masa gindinsa, ya sha a hankali har ya ga ƙarshensa. Ya lumshe ido ya daɗe. Da ya buɗe sai ya nemi wayar da ido, ya tsaya a kan fuskata. Bakinsa ya yi ta kokawa da kalmar kafin ta fito, a karkace, amma kowa ya ji.

"Uwata."

Na ce, "Na'am, Baffa."

Ya miƙo kofin wajen wayar, kamar ina zaune a gabansa, ya ce, "Ƙaro."

Inna ta karɓi kofin, ta goge ido da bakin zane, ta nufi randa.